Ranar da Na Wuce Motar Baba

Kafanchan,
Laraba, bayan ruwan rana.

Paulina, sanyin idona, inuwar ɗorawata a tsakar rana, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ke da muryarki ta fi mini zubar ruwan Matsirga daɗi,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙarin haƙuri? Yaya Mama, tana iya cin abinci? Yau kwana goma sha biyu da muka binne mahaifinki, Baba Obadiah, kuma kwana goma sha biyu ke nan ban ji muryarki ba. Na kira ki sau ashirin da uku, na rubuta kowane kira a dayarina. Ban ga laifinki ba. Jiya yayanki Dickson ya aiko mini cewa dangi za su zauna ranar Asabar a ƙauye, kuma ƙanen Baba, wato Baba Gershon, ya ce a shirya akuya da gishirin da mutanenmu suka kai na gaisuwa, domin a mayar mana. Paulina, tun da na ji saƙon nan ko abinci ban ci ba. Shekara arba'in da biyu na yi a duniya kafin in sami wadda zan kira tawa, ashe kwana uku suka rage a karɓe ta?

Wannan ce takarda ta huɗu. Ukun farko na yayyaga su, domin a kowace na tarar na gyara kaina, na fito da kyau fiye da yadda nake. Wannan ba zan sake karanta ta ba. Da na sa hannu zan kai wa Rabi'a mai ɗinki, maƙwabciyarki, ta miƙa miki hannu da hannu.

Kin san kalmar da ke yawo a kaina yanzu. Duk inda na shiga ita ce. A tasha, a bakin coci, har wajen masu sayar da citta, da na juya baya sai in ji an rage murya: “Shi ne wanda ya yi wa gawa obatekin.” Kalma ce da na saba ji tun ina yaro ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Direbobi suna faɗinta suna dariya. Mata a layin famfo, in wata ta tura bokitinta gaba, sai a ce ta yi obatekin. Da ƙanwarki ta riga ki aure, da bakinki kika gaya mini cewa matan zumunta sun yi wata guda suna tsokanarki da ita. Shekaranjiya na ciro tsohon ƙamus ɗina na sakandare, wanda gara ta ci bangonsa, na duba kalmar yadda Turawa suke rubuta ta. Ya ce: ka cim ma wanda ke gabanka, kuna kan hanya ɗaya, ka wuce shi. Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai tambayi dalili ba, bai tambayi ko waye a gaban ba. Na karanta sau biyar ina neman wata ƙofa da zan fita, ban samu ba. Na cim ma Baba, muna kan hanya ɗaya, na wuce shi. Na yi. Ba zan musa ba.

Amma ke, farin watana, ke kin san ni! Kin tuna Litinin ɗin Ista da na kai ki Matsirga a cikin a-kori-kurata? Muka tarar da gingimarin itace yana hawa kamar mai ciwon baya, na bi shi tun daga bakin gari. Kika cire takalmi, kika ɗora ƙafa, kika shiga ƙirga masu wuce mu. Bas biyu, mashin bakwai, keke mai ƙafa uku, sai wani dattijo a kan babur da akuya ɗaure a baya. Da akuyar ta juyo ta kalle mu, kika yi dariya har hawaye suka wanke miki kwalli, kika ce, “Kambai, ka ga ko akuya tana tausayinka! Haka za ka bi ni shekara goma kafin ka buɗe baki?” A ranar na buɗe bakin, a bakin ruwa, feshi yana jiƙa mana kaya, sai da na maimaita sau biyu saboda ƙarar ruwan ta shanye ta farko. Kika ce kin ji tun ta farkon, so kike ki sake ji. Wayyo, Paulina! Ruwan yana zuba kamar an zazzage auduga daga sama, bakan gizo ya tsaya a bayanki, ni kuwa ban ga komai ba sai wushiryarki.

Kuma kin tuna abin da Baba ya ce da kika ba shi labarin akuyar? Yana zaune a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, “Bar shi. Wannan ba zai jefa mini ’ya a rami ba.” Na rubuta maganar nan a daren... a'a, tun kafin in tashi mota na rubuta ta, a kan sitiyari, domin kada in mance kalma ɗaya. Ita ce babbar shaidar da wani mutum ya taɓa ba ni. Yanzu ita ce ke hana ni numfashi.

Bari in gaya miki Juma'ar yadda ta faru, bi da bi, domin abin da kika gani ta gilas ba shi ne duka ba.

Mun ɗauko Baba daga ɗakin ajiye gawa a Kafanchan ƙarfe tara da kwata. Aka soka ɗanyen ganye a gaban kowace mota. Ni na ja can baya, inda ya dace da mai ɗaukar kaya, domin ina ɗauke da kujerun roba, da ƙarafan rumfa, da durom biyu cike da ruwa. Sai Baba Gershon ya tako da sandarsa har wajena, ya buga ƙofar ya ce, “Kai ma yaron gida ne yanzu. Ka bi bayan motan Dickson.” Kin ga girman da aka ba ni? Motar gawa a gaba, sai motar Dickson, ke da Mama kuna kujerar baya, sai ni, sai bas ɗin zumuntar mata suna waƙa, sai sauran jama'a. Kuma ya sake faɗa da ƙarfi kowa ya ji, abin da na riga na sani game da gidanku: ba mai shiga gaban mamaci a tafiyarsa ta ƙarshe, shi ne zai fara isa ƙofar gidansa.

Muka kama hanyar Zonkwa a hankali, fitilu suna ƙyaftawa. Duk tafiyar ɗankwalinki nake kallo ta gilas ɗin baya, baƙi mai ɗigon fari, kanki a jingine da kafaɗar Mama. Har muka iso dogon gangaren nan da ke sauka kan ƙaramar gada, dab da inda hanyar ƙauyenku take rabuwa da kwalta. Motar gawa ta rage gudu saboda ramukan bakin gadar. Dickson ya taka birki, jajayen fitilunsa suka kama. Ni ma na taka.

Ƙafata ta tafi har ƙasa, Paulina. Kamar na taka ruɓaɓɓen gwanda.

Na sake takawa, na sake, na sake. Babu komai. Na ja birkin hannu, ya yi ƙara, mota ba ta ko ji ba, ruwan durom ɗin nan yana tura ni daga baya kamar hannun ƙato. Na nemi giya ta biyu, ta ƙi shiga. Ɗankwalinki ya fara girma. Wannan ne abin da ba zan iya fitarwa daga idona ba: ɗigon farin nan suna girma, suna girma, har na ga ƙullin da kika yi a ƙeya, har na ga sarƙar wuyanki. A dama rami ne mai zurfi da duwatsu. A hagu hanya ce, amma tirela tana gangarowa daga ɗaya tudun. A gaba ke ce. Ya Ubangiji! Wane lissafi mutum zai yi a nan? Ni da nake auna komai sau uku, ni da nake kwana biyu kafin in zaɓi taya, ban sami ko numfashi ɗaya na yin tunani ba. Hannuna ne ya karya sitiyari hagu, ɗaya hannun ya danne hon.

Na wuce ku. Na ga fuskarki ta juyo, bakinki a buɗe. Ban iya komawa tsakaninku da motar gawa ba, babu wuri. Na wuce Baba ma, ina danne da hon, na ga gefen akwatin da furannin roba ta taga. Mai tirelar ya kauce gefen hanya yana watsa tsakuwa, na shige tsakaninsa da motar gawa, madubina na hagu ya tafi da shi. Na haye gadar ƙafafun mota suna tsalle. Hanyar ƙauyenku tudu ce, jar ƙasa ce, na san ita kaɗai za ta iya shanye gudun, sai na faɗa mata. A can giya ta shiga. Motar ta yi ta nishi tana hawa, tana ragewa, ba ta tsaya ba sai a ƙofar gidanku.

Sauran kin ji labari. Mutanen gida suka ga mota da ɗanyen ganye, suka ɗauka Baba ne ya iso. Aka buga ƙararrawar coci. Tsofaffin mata suka fito da kuka suna faɗuwa ƙasa, suna kiran sunansa, a gaban kujerun roba da durom. Kukan da aka tanadar wa mahaifinki, kukan farko na isowarsa gida, a kan kayana aka zubar da shi. Da shi ya iso, ƙararrawa ta riga ta yi shiru, mutane suna tsaye suna kallon juna.

Baba Gershon ya zo da sandarsa. Ya ce, “Mutum ya yi shekara tamanin da ɗaya yana tafiya, rana ɗaya da za a kai shi gida, sai an yi mishi obatekin? Da hon? Me ya kore ka?” Nan ne ya kamata in ce birki. Kalma ɗaya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Ku yi haƙuri, Baba.” Kuma a bakin kabari, da kika zo wucewa, kika tsaya ba ki dube ni ba, kika ce a hankali, “Kai da akuya ma take wuce ka, sai ubana ka ga damar wucewa?” Da mari kika yi mini da ya fi sauƙi.

Na san abin da kike tambaya yanzu, takardar a hannunki: to, me ya hana ka faɗa? Wane irin wawa ne zai rasa mata a kan laifin ƙarfe? Tauraruwar asubata, ga wurin da takardu ukun nan suka tsaya. Ga abin da nake tsoro fiye da Baba Gershon, fiye da Asabar, fiye da tirelar.

A cikin ambulan ɗin nan akwai shafi ɗaya da na yago daga dayarina. Shekara goma sha tara ina rubuta shi, ban taɓa cire shafi ba sai yau. Na Talata ne, kwana uku kafin jana'iza. Ki duba layi na huɗu, rubutuna ne: “Birki ya yi laushi a kwanar kasuwa. A kai wa Boaz bakanike.” Ki duba ƙasa, inda na ƙara da jan biro: “Wataƙila ƙafata ce. Bayan jana'iza.”

Na sani, Paulina. Na ji alama, na rubuta, na ajiye.

Ba zan ce miki ba ni da dalili ba, amma dalilin ƙarami ne, kunya ma yake ba ni. Makon makoki ne. Motata ce take kai itace, ita take ɗebo ruwa, ita take kwaso kujeru daga coci uku. A karo na farko 'yan'uwanki suna kiran sunana ba tare da sun yi murmushin nan ba. Dickson ya dafa kafaɗata ya ce, “Suruki, kana ƙoƙari.” Na ji tsoro in na kai mota gareji ta wuni a can, za a ce ga shi, da aiki ya zo ya ɓace. Sai na shiga yi wa kaina gardama kamar yadda na saba: wataƙila takalmin ne, wataƙila kaya ne suka yi nauyi, wataƙila tsorona ne kawai, ai kullum ina jin abin da babu. Duk rayuwata ina shakkar kaina a inda bai kamata ba, ranar da ya kamata in gaskata ƙafata kuma sai na ƙaryata ta. Na ɗauki motar da na san tana ciwo, na ɗora mata durom biyu, na ajiye ta a bayan kanki. Mutumin da Baba ya ce ba zai jefa masa ’ya a rami ba!

Washegarin jana'iza Boaz bakanike ya zo a kan mashin ya shiga ƙarƙashin motar a bayan cocinku. Ya fito da bututun man birki, ya tsage, ya ɗaga shi sama ya ce, “Oga Kambai, wannan ya daɗe yana kuka fa. Kai dai Allah yana son ka. Mu je in nuna musu, ni ne shaida, magana ya ƙare.” Sai ya tambaye ni, “Ba ka ji alama ba?” Na ce a'a. Na yi masa ƙarya, ido cikin ido, ga kabarin Baba ko ƙasa ba ta bushe ba. Har yanzu yana bina da maganar. Jiya ma ya tare ni ya ce, “Kai wane irin mutum ne? Ana so a ƙwace maka mata, ga magani a aljihunka, kana ta sunkuyar da kai kamar ɗan kwayan coci da ya mance waƙa.”

Gaskiyarsa ne, da sauƙi. In shiga gaba Boaz na biye, ya ajiye bututun a kan tabarma, a ce ashe Kambai ceto ya yi, ba rashin kunya ba. Mama ta sa mini albarka, Baba Gershon ya ce a mayar da akuya turke, a ɗaura aure a Disamba bayan an tone citta, yadda muka shirya. Dayarin kuwa in jefa shi a murhu. Na riƙe shi a kan murhun ma, ranar Lahadi bayan sujada. Amma sai na hango mu. Na hango ki a gefena a cikin motar nan, kin cire takalmi, kina ba 'ya'yanmu labarin ranar da babansu ya ceci ranki, kina dubana da wannan ido naki mai kama da rijiya da safe, ni kuma ina murmushi ina riƙe da sitiyari. Shekara nawa zan iya? A kowane gangare zan tuna. Gara ki ƙi ni kin san ni, da ki so wani mutum da babu shi, mai fuskata.

Duk da haka ina tsoro, kurciyata. Kada ki ɗauka jarumi ne yake rubuto miki. Ina tsoron fuskarki sa'ad da za ki kai layi na huɗu. Ina tsoron Mama ta ji cewa a rana ɗaya ta kusa bin mijinta, ita da 'ya'yanta biyu, saboda wani yana son a ce yana ƙoƙari. Ina tsoron ki gafarta mini irin gafarar coci, ki miƙo hannu ranar Lahadi ki ce salama, ki wuce. Ko a kan kujera nake zaune sai in ji ƙafata ta dama tana taka ƙasa, tana neman birki. Kazar maƙwabta ta tsallaka gabana jiya, ina tafiya da ƙafa, na yi ihu. Ina zan kai wannan zuciya in ba ki karɓe ta ba? Wa zai ƙirga mini masu wuce ni? Dutsen Kagoro yana nan inda yake, masara ta yi goyo, citta ta rufe kunyoyin gona da kore, komai na duniya yana ci gaba da aikinsa kamar ba abin da ya faru, ni kaɗai aka bari a kan gangaren nan, ɗankwalinki yana girma.

Ga abin da na shirya, na rubuta shi don kada in ja da baya. Gobe zan je wajen Boaz in janye ƙaryar da na yi masa. Ranar Asabar zan shiga motar haya, in sauka a bakin gada, in hau tudun da ƙafa. Zan fara zuwa kabarin Baba, in tsaya daga wajen ƙafafunsa, in gaya masa. Daga nan in zo gaban Baba Gershon da bututun a hannu ɗaya, dayarin a ɗaya hannun, ko da shafin yana wajenki, in faɗi duka biyun, in fara da na Talata. Ba na roƙon ki sa baki. Ba na roƙon ki tare mini. Na rubuto ne domin bai kamata ki ji wannan a tsakiyar taro, tare da kowa ba. Ke ce kika zauna a kujerar nan, ke ya kamata ki fara sani. In kin ce a mayar da akuya, ni zan riƙe igiyar da kaina in sauka da ita, ba zan bar kowa ya faɗi mummunar kalma a kanki ba.

Abu ɗaya kawai nake so ki riƙe, ko me kika yanke. Na roƙi gafarar Baba a zuciyata ba adadi, saboda ƙararrawarsa da kukansa da na ɓata. Amma da za a mayar da ni kan gangaren nan sau ɗari, sau ɗari zan karya sitiyari in wuce shi, da hon da komai, kuma na yi imani shi da kansa zai ɗaga mini hannu in wuce. Ba Juma'ar nake roƙon Allah ya mayar mini ba. Talatar nake roƙo.

Ki zauna lafiya, zumar dutsena, ruwan sanyina, ke da ban taɓa gaggawar komai ba sai ganinki. In kin buɗe mini ƙofa, naki ne. In kin rufe, naki ne, zan tsaya daga nesa inda ba zan dame ki ba, har ranar da ni ma za a soka mini ɗanyen ganye a gaban mota.

Wanda ba shi da wata sai ke,
Kambai.